Fenti a bututun iskar inji ba ya ƙara wa mota ƙarfi

Akwai masu mota da ke fesa wa bututun robar da ke kai iska daga matatar iska zuwa inji fentin azurfa, wai don ya kore zafi, iska ta shiga da sanyi, mota ta ƙara gudu. Gaskiya ne iska mai sanyi ta fi ɗaukar iskar oksijin, amma iskar da ke bi ta bututun nan wucewa take da sauri, ba ta daɗewa a ciki har launin bayansa ya canza mata wani abu. Fentin ado ne kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yin aikin. Yawancin bututun nan da robar polipropilin ake yin su, za ka ga an buga PP a jikinsu, kuma fenti ba ya kama wannan roba da kyau. Ka fesa kai tsaye, zafin inji da girgiza su sa ya fara ɓanɓarewa. Sai a cire bututun, a wanke maiƙo da ƙura tas, a goge shi da samfefa mai laushi, a fara fesa maganin da ke sa fenti ya kama roba, sannan fenti siriri sau 2 ko 3.

Cikinsa kuwa a toshe shi, kada ɗigo ya shiga. Ɓawon fenti da ya ɓalle a ciki totur zai nufa, wato ƙofar da ke buɗe wa iska hanyar shiga inji, daga nan ya shige inji. A cire na'urar auna iska da ke jikin bututun tukuna, domin feshi kaɗan na iya lalata ta.