Ɗan turken da ake kafawa a ƙashi da rigimar miliyoyin daloli a kansa

Akwai wani ɗan mitsitsin abu da likitocin ƙashi ke kafawa a kafaɗar mutum ko idon sawunsa, kaurinsa daga milimita ɗaya da rabi zuwa shida da 'yan kai, in ya faɗi ƙasa a ɗakin tiyata sai an duƙa an neme shi, amma a kan wannan abin kamfanoni biyu suka shafe shekara 11 suna jan juna a kotunan Amurka, ƙarshenta ɗaya ya biya ɗaya dala miliyan 99. Ni ban ga laifin wanda ya ƙirƙiro abu ya ci moriyarsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka mai da takardar haƙƙin ƙirƙira makamin yaƙin kasuwa, sannan mu kuma daga nesa muke laɓewa da ita muna cewa ita ta hana mu.

Bari mu fara da matsalar ita kanta. Nama da nama ɗinki ba wuya, allura na shiga tana fita. Amma in jijiya ta ɓalle daga jikin ƙashi fa, misali jijiyoyi huɗun nan da suka rungume kan ƙashin kafaɗa, su ne ke ɗaga hannu su juya shi, to a ina za ka soka allurar? Likitocin zamanin da sai su buɗe kafaɗar sosai, su huda rami a ƙashin ya ɓulla ta wani gefen, su zura zare ta ciki su ɗaure jijiyar. Haka Ernest Codman ya riƙa gyaran jijiyar kafaɗa a Boston, ya wallafa aikinsa a 1911, haka nan Bankart a Landan da ya bayyana a 1923 dalilin da ya sa kafaɗar wasu ke yawan gocewa da yadda za a mai da naman da ya ɓalle bakin gurbinsa. Aikin yana yi, amma akwai wahala, wurin a matse yake, ramin sai an lanƙwasa shi, wani lokaci kuma zaren ya yanke ƙashin in ƙashin tsoho ne da ya yi laushi.

Dabarar da ta zo daga baya kowa ya san irinta a gida. Turken akuya ne: ka kafa shi a ƙasa, igiya na jikinsa, ba sai ka haƙa rami ya ɓulla bayan katanga ba. Likita ya huda ɗan rami guda, ya cusa turke da zare a jikinsa, ya ɗinke jijiyar da zaren, ya jawo ta ta kwanta kan ƙashin. Turken ba shi ke warkarwa ba, riƙewa kawai yake na wasu makonni har jiki ya haɗe nama da ƙashi da kansa. Kuma da yake abin ƙarami ne, ana iya yin aikin gaba ɗaya ta 'yan ƙananan huda da kyamara, ba sai an tsaga mutum ba.

Wani likitan ƙashi a jihar Utah, Marlowe Goble, shi da abokin aikinsa Karl Somers suka nemi takardar haƙƙin ƙirƙira a 1985 aka ba su a Disambar 1986, nasu sukuru ne na ƙarfe da ke huda wa kansa hanya yana ɗauke da zare, kamfanin Zimmer ya sayar da shi da sunan Statak. Ba a jima ba kamfanin Mitek na Massachusetts ya fito da nasa mai ƙayoyi, ƙayoyin da wani ƙarfe aka yi su haɗin nikel da titaniyam wanda in ka lanƙwasa shi sai ya koma yadda yake, suna kwanciya lokacin shiga ramin, da sun wuce ɓawon ƙashin mai tauri sai su buɗe, ka ja ka ji gam. Johnson & Johnson ya saye Mitek a 1995. Wannan kam ƙirƙira ce ta gaske, duk wanda ya ce waɗannan mutanen ba su cancanci ladan wahalarsu ba bai yi adalci ba.

Kuma gyare-gyaren da suka biyo baya ba duka ne na neman kuɗi ba. Turken ƙarfe yana dagula hoton MRI, in kuma ya kwance ya fito cikin gaɓa sai ya riƙa kankare guringuntsi, wanda ba ya sake tsirowa. Sai aka yi na roba mai narkewa a jiki, shi kuma aka ga a wasu mutane yana farfashewa ko ya bar kogo a ƙashi. Aka koma wata roba mai tauri da ake kira PEEK, aka yi wanda ba ya buƙatar ƙulli saboda ƙulla zare ta cikin ɗan bututu, a cikin ruwan da ake cika gaɓar da shi lokacin aiki, ba ƙaramin aiki ba ne, aka zo aka yi wanda gaba ɗayansa zare ne, in an ja shi ya cukwikwiye a cikin ramin ya toshe. Kowanne a cikinsu ya ci kuɗin gwaji da injiniyoyi, kuma ba kamfanin da zai zuba wannan kuɗin in ya san gobe maƙwabci zai kwafa kyauta. Wannan hujjar na karɓe ta.

To ina matsalar? Dubi shari'ar Smith & Nephew, kamfanin Ingila, da Arthrex, wanda Reinhold Schmieding ya kafa a Munich a 1981 yanzu kuma hedikwatarsa na Naples a Florida. Takardar da aka yi rigima a kanta ta wani likita ce a jihar Oregon, John Hayhurst, an ba shi ita a 1997 amma tushenta tun farkon shekarun 1980 ya faro, ana ta ɗora sabuwar buƙata kan tsohuwa, shi ya sa kariyar ta kai shi har cikin shekarun 2010. Kamfanin na Ingila, wanda ke da lasisin takardar, shi ya kai Arthrex ƙara a 2004. Zaman farko masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa haɗa baki. Zama na biyu a 2008 aka ba Smith & Nephew nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta soke. Zama na uku a 2011 aka yanke Arthrex ya biya dala miliyan 85, alƙalin ya ture hukuncin, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da shi a 2013, sai a 2015 kuɗin suka fita, da ruwansu da komai miliyan 99. A kan me? A kan ko taushin jikin turken, wato matsewar da yake yi ya shiga ya sake buɗewa, shi kaɗai ya isa ya riƙe shi a ramin lokacin aiki. Manyan lauyoyi da ƙwararrun shaidu shekara da shekaru suna muhawara kan abin da likita ke tabbatarwa cikin daƙiƙa biyu, ya naɗe zaren a yatsa ya ɗan fizga ya ji ko ya kama.

Arthrex bai haƙura ba, shi ma ya samo tasa takardar a 2015 kan turke marar ƙulli, ya maka Smith & Nephew a kotu a Texas, aka yanke a biya Arthrex sama da dala miliyan 17 a 2016. Su kuma suka garzaya hukumar rajistar ƙirƙira suka ce a sake duba takardar, alƙalan hukumar suka ce abin ba sabo ba ne, suka soke. Sai Arthrex ya ce ai su alƙalan ma ba a naɗa su bisa tsarin mulki ba, tunda ba shugaban ƙasa ya naɗa su da amincewar majalisar dattawa ba kuma ba mai duba hukuncinsu. Wallahi har Kotun Ƙolin Amurka maganar ta kai, a Yunin 2021 ta yanke cewa dole shugaban hukumar ya samu ikon sake duba irin wannan hukuncin. An sake fasalin hukuma guda saboda turken kafaɗa, kuma bayan duk wannan takardar ta Arthrex ba ta dawo ba, a soke ta zauna.

Wa ya biya kuɗin lauyoyin nan? Ba daga sama suka faɗo ba. A Amurka turke guda ɗaruruwan daloli ne, aikin kafaɗa ɗaya kuma yana iya cin biyu, uku, huɗu, kowanne da sandar cusa shi da ake jefarwa bayan amfani ɗaya, kuma na'urar hudar wannan kamfanin ba lallai ta dace da turken wancan ba, asibitin da ya saba da kayan kamfani ɗaya ya shiga kenan.

Akwai kuma wani abu da ke ba ni dariya. Galibin turakun nan suna shiga kasuwar Amurka ne ta wata gajeriyar hanya ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, inda kamfani zai nuna cewa kayansa kusan daidai suke da wani da aka riga aka amince da shi. Wato a wannan ofishin ka rantse cewa naka ba shi da wani bambanci da na da, a yi maka sauƙi, ka tsallaka ofishin rajistar ƙirƙira ka rantse cewa naka sabo ne fil ba a taɓa ganin irinsa ba, a ba ka shekara 20. Lauyoyi za su ce tambayoyin biyu ba ɗaya ba ne, a doka gaskiyarsu ne, amma mara lafiyan da ke biyan kuɗin sabo ya kamata ya san cewa ba kowane sabo ne aka gwada aka ga ya fi tsoho warkarwa ba. Likitocin kafaɗa da kansu sun daɗe suna jayayya kan ko jera turaku layi biyu ya fi layi ɗaya amfani ga ƙaramar yagewa, kuma ɗinkin nan na da ta ramin ƙashi bai mutu ba, har yau akwai masu yin sa suna samun sakamako mai kyau.

Duniya dai ta riga ta ja layi a wuri ɗaya. A Turai ba a ba da haƙƙin mallaka kan hanyar yi wa mutum tiyata, sai dai kan kayan aikin, yarjejeniyar kasuwanci ta duniya ta 1994 ma ta bar wa kowace ƙasa damar yin haka. Amurka sai da wani likitan ido a Arizona, Samuel Pallin, ya kai wani likitan ƙara kan salon yanka a aikin yanar ido, likitoci suka yi ca, sannan majalisa ta yi doka a 1996 da ta hana a karɓi diyya daga likita don ya bi wata hanyar aiki. Layin ya yi daidai, amma bai taɓa tsadar kayan ba ko kaɗan.

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne nake ganin muna yaudarar kanmu. Takardar haƙƙin ƙirƙira ciniki ce: ka bayyana wa duniya yadda ka yi abin dalla-dalla har da zane, mu kuma mu kare ka na ɗan lokaci. Ta Goble ta ƙare tun kafin 2006, na Mitek na farko su ma sun daɗe da ƙarewa, zanensu na nan a intanet kyauta ga duk ɗalibin injiniya da ke da data. Ban da haka takardar Amurka a Amurka take aiki, ba ta da hurumi a Najeriya sai an yi rajista a ƙarƙashin dokarmu ta 1970, ko a Nijar sai ta ofishin OAPI, ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, da ke Yaounde. Kamfanonin Indiya da Turkiyya da China sun gane haka tuntuni, suna ƙera nasu suna sayarwa da rahusa. Abin da ya hana matashin da kafaɗarsa ke gocewa duk lokacin da ya ɗaga buhu samun wannan aikin ba lauyan Florida ba ne. Rashin na'urar kyamara ne a asibiti, da ƙarancin likitocin da suka koyi aikin, da rashin inshora, ga dala da ake shigo da komai da ita, sai mutum ya koma wajen maɗori, wanda zai iya mai da ƙashi gurbinsa amma ba shi da yadda zai yi da naman da ya ɓalle a ciki.

Ba ina cewa a je a sa maƙera su sassaƙo turke ba, Allah ya kiyaye, abin da zai zauna a jikin mutum yana buƙatar titaniyam mai tsabta da gwajin ƙarfin riƙo da kashe ƙwayoyin cuta, kuma NAFDAC ce ke da alhakin tantance irin waɗannan kayan kafin su shigo. Amma akwai misali a gabanmu. Wani likitan ƙashi ɗan Amurka, Lewis Zirkle, ya kafa ƙungiyar SIGN a 1999, ta ƙera ƙarfen da ake sawa cikin ɓargon ƙashin cinya da na ƙauri wanda za a iya kullewa ba tare da na'urar hoto mai tsada a ɗakin tiyata ba, tana ba asibitocin ƙasashe matalauta, har da na Najeriya. An zauna ne aka tsara kaya daidai da asibitin da za a yi aiki da su.

Manyan asibitocin ƙashi na tarayya irin na Dala a Kano da Igbobi a Legas da na Enugu, da asibitocin koyarwa, za su iya haɗa odarsu wuri guda su sayi turakun titaniyam na tsohon samfuri daga kamfanin da aka tantance, su bar sabbin masu tsada ga aikin da ya buƙace su da gaske, kuma su ci gaba da koya wa likitoci masu neman ƙwarewa ɗinkin ramin ƙashi, wanda zare mai ƙarfi da abin huda kawai yake nema. Shi kuma mara lafiya da aka rubuta masa turke huɗu yana da haƙƙin ya tambayi likitansa na wane kamfani ne, nawa ne guda, kuma ko biyu za su wadatar.