Ina Hangen Nesa, Zabo Ya Tashi a Ƙafata

Wayata ce ta ja mini. Wani dare na kwanta ina kallon mafarautan Amurka a duwatsun Kolorado, mutum ya kafa dogon madubin hangen nesa a kan ƙafa uku, yana ƙirga rassan ƙahon dabba tana can ƙetaren kwari. Ni kuwa duk rani in na bi Kawu farauta, aikina riƙon gorar ruwa. Tsoho ya haura saba'in amma yana hango fakara kwance a cikin yayi, ni sai ta tashi fir nake sanin da ita. Na ce to, abin da ido ya kasa, kuɗi za su yi.

Kuɗin ne suka fara ba ni kunya. Na duba farashin madubin kamfanonin Swarovski da Zeiss, na ga dubban daloli, na juya su zuwa naira, sai na kashe wayar na yi salati. Ko na haɗa babur ɗina da awakin uwargida, ciniki ba zai faɗa ba. Washegari na nufi 'yan gwanjo.

Mai shagon ya tarbe ni da "Alhaji", ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Ya ciro wani kore mai kama da taɓarya, ya nuna mini rubutun jikinsa: 20-60x60. Ya ce yana jawo abu kusa daga sau 20 har sau 60, sittin ɗin ƙarshe kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 60. Ya kafa shi a ƙofar shago, na leƙa, sai ga tattabara a kan hasumiyar masallaci tana susa kamar in miƙa hannu in kamo ta. Nan take na biya. Da ya ce ƙafafun ukun kuɗinsu daban, na yi dariyar masu wayo.

"Bar abinka, Allah ya ba ni hannu biyu lafiyayyu."

Bai ja da ni ba. Ya kamata wannan shirun ya tsorata ni.

Ranar Asabar muka shiga daji da sanyin safiya, ga hazon hunturu ya sauka. Kawu ya dubi abin da na rataya, ya ce, "Ɗan nan, wannan bindigar ta ina ake ɗura mata albarushi?" Na ce ya jira ya sha kallo.

Na hau kan wani suri, na murɗa har sittin, na ɗora ido. Ashe ba abin kallo kaɗai yake ninkawa ba, har rawar hannu sai ya ninka ta sau sittin. Duniya ta kama tsalle. Bugun zuciyata ma sai da ya sa wata kuka ta yi rawa. Ga shi nawa irin mai lanƙwasasshen wuya ne, kana duba ƙasa alhali abin yana gaba, ga filin da yake nunawa bai fi bakin kwalba ba. Na nemi itacen da nake gani ƙuru-ƙuru da idona, na yi minti biyar ina yawo a sararin sama.

Sai na kira ɗan yayana, na ce ya tsaya ƙyam, na ɗora madubin a kan hularsa. Abin ya ɗan natsu. Can cikin hazo na hango wani abu ja-ja yana kiwo, gefensa har da wani shuɗi-shuɗi irin na gilashin araha.

"Kawu! Barewa!"

Kawu bai ko ɗaga hannu ya kare rana ba. "Jakin masu itace ne. Tun ɗazu nake ganinsa, yana ɗingishi da ƙafar baya."

Ina cikin musu, yaron ya yi atishawa, madubin ya doke ni a gira. A daidai lokacin garken zabi ya tashi daga gindin surin da nake tsaye a kai, har iskar fukafukansu ta taɓa wandona. Kawu ya wurga gora ya sauko da ɗaya, kare ya ɗauko. Ni ina riƙe da ido.

Da rana ta take, ƙasa ta ɗauki zafi, komai ya koma kawalwainiya a cikin gilashin. Da almuru kuma, lokacin da namun daji ke fitowa, na leƙa na ga duhu kamar rijiya. Daga baya malamin kimiyya a makarantarmu ya yi mini lissafin: a raba 60 da 60, hasken da ke isa ido milimita 1 ne kacal. Ƙaramin madubi mai ido biyu, 8x42, yana ba da fiye da milimita 5, kuma ana riƙe shi a hannu. Ya ce da na tambaye shi. Na ce da ya yi shiru.

Na koma wajen mai shagon neman ƙafafun, na tarar sun ƙara kuɗi. Yanzu madubin yana kan katangar gidanmu, an tokare shi da bulo biyu, yara na leƙa ko an kawo wuta a unguwar gaba. Kawu kuwa duk daren sha huɗu sai ya zo kallon ramukan wata, in ya gama ya tambaye ni ko barewata ta daina ɗingishi.