Minti biyun farko da minti biyun ƙarshe a ɗakin likita

A Damagaram muna da wuraren horas da ma'aikatan lafiya: ga tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar André Salifou, ga makarantar kiwon lafiyar jama'a ta ƙasa wato ENSP, ga babban asibitin ƙasa inda ɗalibai ke koyon aiki a bakin gado. Ni a ganina ya kamata a ware mako guda duk shekara don koyon zama da mara lafiya, amma kada ya zama taron jawabi da faransanci, a tafa a watse. Ɗalibi ya hau kujerar likita, wani ya zama mara lafiya, a yi da Hausa ko Barbarci, malami na gefe yana ba da maki.

A fara da saurare. A 1984 masu bincike Beckman da Frankel sun auna a Amurka, suka tarar likita kan katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 da fara magana. A 2002 aka gwada a Basel ta ƙasar Suwizalan, aka bar mutane suka faɗi damuwarsu har ƙarshe, matsakaicin lokacin bai wuce daƙiƙa 92 ba. Don haka tsawon layi bai isa hujjar katse mara lafiya ba. Mutanenmu kuma sukan fara da ƙaramin ciwo, babban sai an miƙe za a fita. Matar da ta zo da uwar miji ba za ta ambaci zubar jini a gabanta ba, sai likita ya ce, "Inna, ki ɗan jira mu a waje." Haka tambayar jiƙo da ƙwayoyin 'yan tebur: in da faɗa aka yi ta, amsar ita ce ba a sha komai ba.

Amma inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen sallama. A rubuta takardar magani da faransanci, a miƙa wa wadda ba ta karatu, a ce "Kin gane?" Wa zai ce wa likita bai gane ba?

Ɗauki Coartem na zazzaɓin cizon sauro. Sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma da madara ko abinci mai maiƙo, domin sai da maiƙo jiki ke ɗaukarsa sosai. Zazzaɓin yaro na sauka a kwana na biyu, uwa ta ajiye sauran don ƙanensa, ciwo ya dawo. Gishirin zawo ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar piya wata biyu masu rabin lita, abin da ya wuce awa 24 a zubar. In aka dama shi a ƙaramin kofi gishirin ya yi yawa, yana iya cutar da yaron. Ƙwayar zinc da ake ba mai zawo kuwa kwana 10 zuwa 14 ake sha, ko da zawon ya tsaya. Mai hawan jini da ba a gaya masa maganin na kullum ba ne, ranar da kai ya daina ciwo zai bari. Mai ciwon suga da ke shan glibenclamide, in ba a tattauna azumi da shi tun cikin Sha'aban ba, sugansa na iya faɗuwa kafin la'asar.

Gyaran ba ya cin ko dala. Likita ya ce, "Hajiya, in maigida ya tambaye ki a gida, yaya za ki ce masa ana ba yaron?" Ta maimaita da bakinta, a gyara inda ta kauce, a zana hoton rana da na wata a jikin kwalin don nuna safe da dare. Sannan a faɗa mata abin da zai sa ta dawo ko da tsakar dare ne: yaro ya ƙi nono, yana aman duk abin da ya sha, ya yi jijjiga, ko an kasa tashe shi daga barci. Ɗalibin da ya sallami mara lafiya bai yi wannan ba, a rage masa maki daidai da wanda ya kuskure adadin magani.