Detroit Pistons: Koci Ne Matsalar Ko 'Yan Wasa?

Daren 28 ga Disamba 2023, Detroit Pistons, ƙungiyar ƙwallon kwando a gasar NBA ta Amurka, suka je Boston suka ba Boston Celtics ratar maki 21, har aka tafi hutun rabin lokaci suna gaba da 19. Da aka dawo sai Boston suka matsa wa tauraron Pistons Cade Cunningham lamba, ratar ta narke kamar gishiri a ruwa, aka tashi 128 da 122 bayan ƙarin lokaci. Shan kashi na 28 ke nan a jere. Kiɗa ya sauya a wasan, amma kocin Pistons Monty Williams bai sauya rawa ba.

Masu kare shi suna cewa ba a ba shi kayan aiki ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙungiya ce ta yara da ake renonsu, ba ta da masu jifan maki uku da abokan hamayya ke tsoro. Cunningham ya ɗauko ƙwallo, mutum biyu su rufe shi, ya miƙa wa Killian Hayes a gefe, mai tsaron Hayes ko motsi ba zai yi ba don ya san da wuya ta shiga. Kwana biyu kafin wasan Boston, Cunningham ya ci maki 41 a kan Brooklyn Nets, duk da haka aka doke su.

To amma wa ya sa Hayes cikin biyar ɗin farko, ya ajiye Jaden Ivey a benci a farkon kakar? Wa ya riƙa kwashe manyan 'yan wasa gaba ɗaya ya zuba 'yan benci biyar, ana kallo abokan hamayya su yi ta zura ƙwallo babu mai tare su? Wannan ba laifin mai ƙungiya Tom Gores ba ne. Hayes ɗin da aka nace a kansa, ƙungiyar da kanta ta sallame shi a Fabrairun 2024. Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne, Williams ba sabon shiga ba ne: shi ne gwarzon kocin NBA na 2022 da Phoenix Suns, kuma an ɗauko shi kan dala miliyan 78.5 na shekara shida. Wanda aka biya haka, ai ba sai an yi wata biyu ana shan kashi ne zai gane tsarinsa ba ya aiki ba. Aka gama kakar da nasara 14 da rashin nasara 68, aka kore shi a Yunin 2024.

Sabon koci J.B. Bickerstaff ya karɓa. An kawo masa Malik Beasley da Tobias Harris da Tim Hardaway Jr., fili ya buɗe wa Cunningham, wannan ba a musu. Sai dai shi ya san yadda zai jera su, kusan ko yaushe da mai jifa a gefen Cunningham, ya kuma ɗora yaran kan tsaron gida. A kakar 2024-25 suka ci wasa 44, suka shiga zagayen fidda gwani, suka doke New York Knicks sau biyu kafin a cire su. Kafin nan, rabon Detroit da cin wasa ko ɗaya a wannan zagaye tun 2008.