Masanin Nauyi

Tun ina aji uku a firamare mahaifina ya yanke hukuncin cewa ni likita ne, kuma bai ga dalilin tuntuɓata ba, kamar yadda bai tuntuɓe ni ba ranar da ya raɗa mini suna. A Kantin Kwari, inda yake sayar da atamfa da shadda, maƙwabtan shagonsa sun fi shekara goma suna kirana Dakta, har wani dattijo ya taɓa tsayar da ni ina ɗan shekara 14 ya kware wando ya nuna mini ƙurjin da ya fito masa a ƙwauri. Sau biyu na rubuta jarrabawar JAMB ina neman gurbin karatun likita, sau biyun kuma makina ya tsaya a bakin ƙofa yana ta sallama ba a amsa masa ba. A karo na biyu jami'a ta ba ni kimiyyar fiziks, na karɓa da niyyar in sauya sheƙa bayan shekara ɗaya, sai ga shi na faɗa son karatun har na kai aji huɗu.

Baba bai taɓa yafe wa fiziks ba. Duk hutun da na dawo gida sai ya tambaye ni, cikin natsuwar da ta fi faɗa ciwo, a wane asibiti ake aikin wannan karatu idan an gama. Abin da ya rage mini na mutunci a gidan shi ne ƙanena ya fi ni laifi, domin shi yana kammala sakandare ya ce boko ya ishe shi, ya tafi koyon gyaran waya, sana'ar da Baba yake kira wasan yara da ƙaramin sukudireba.

Damata ta zo ne a wani mako na zafi da unguwarmu ta kwana huɗu babu wuta. Baba ya gaji da aika waya wurin mai caji, inda take wuni a cikin wayoyi hamsin tana jiran layi yayin da abokan cinikinsa na Damagaram da Maraɗi suke kira ba sa samunsa. Da safe ya kira ni, ya ƙirgo naira dubu 18 a gaban ƙanena da gangan, ya ce tunda karatuna na lantarki ne in je in sayo masa fawa-banki mai kyau. Ƙanena ya buɗe baki zai ce wani abu, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce yau ranar masu ilimi ce. Na karɓi kuɗin da hannu biyu, ban kuma gyara masa zancen lantarkin ba, ko da yake aikin da nake rubutawa na kammala digiri a kan Higgs yake, wata ƙwaya da ta fi zarra ƙanƙanta, wadda ba ta cajin komai.

A kasuwar waya na yi amfani da kaina, wanda shi ne babban kuskurena. Na yi lissafin cewa wuta a cikin batir ake adana ta, batura masu yawa kuma dole su yi nauyi, saboda haka fawa-bankin da ya fi nauyi shi ya fi gaskiya. Na bi shaguna ina ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ina jinjinawa a tafin hannu kamar mai sayen kankana, har na kai ga wani baƙi mai sheƙi wanda ya kusa kai rabin bulo, an rubuta 50,000 a jikinsa da manyan lambobi. Na yi wa mai shagon bayanin hujjata dalla-dalla, shi kuma ya saurare ni da ladabin da malamaina ba su taɓa yi mini ba, sannan ya ce: "Yallaɓai, wallahi ka san kaya." Da na san duniya, da wannan yabon kaɗai ya isa ya sa in ajiye in gudu.

Bayan sallar isha'i Baba ya fito da shi majalisar ƙofar gida, inda abokansa suke zama a kan tabarma ana zuba shayi, ya miƙa wa kowa ya ɗaga ya ji nauyi, kowa kuma ya jinjina kai. Wayarsa tana kashi 9 cikin ɗari lokacin da na jona ta, fitilu huɗu shuɗaye suka kama reras. Ganin haka sai bakina ya buɗe. Na ce batirin wayar Baba 5,000 ne, wanda bai yi karatu ba zai zaci caji goma za a samu, amma da yake batirin ciki yana aiki da bolt 3.7 ne, wayar kuma bolt 5 take karɓa, ga kuma abin da ke salwanta ya zama zafi, kada a sa rai da fiye da caji shida ko bakwai. Baba ya dubi abokansa da wani kallo da na shekara huɗu ina jira.

Liman ne ya tambaye ni ainihin abin da nake karantawa, ni kuma abin nema ya samu. Na ce a kan iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Janeba, akwai cibiyar bincike mai suna CERN, wadda take da rami mai zagaye na kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa kimanin mita 100, inda ake harba ɓurɓushin ƙwayar zarra da gudu dab da na haske a gwara su da juna don a ga abin da zai fito. Na ce tun 1964 wani masani ɗan Birtaniya, Peter Higgs, da wasu takwarorinsa suka yi hasashen cewa akwai wani abu da ya cika sararin duniya baki ɗaya, wanda shi ke bai wa ƙananan ƙwayoyi irin su ilektiron nauyinsu, amma ba a ga shaidarsa ba sai ranar 4 ga Yuli, 2012, shekara 48 bayan hasashen, tsohon yana zaune a zauren sanarwar yana share ƙwalla. A shekarar da ta biyo baya aka ba shi kyautar Nobel tare da wani ɗan Beljiyam. Don in ja Liman gefena sai na ƙara da cewa Musulmi na farko da ya ci wannan kyauta a fannin kimiyya, Abdus Salam na Pakistan, a wannan fage namu ya ci ta a 1979. Wani Alhaji mai sayar da hatsi ya tambaya ko bayan duk wannan haƙa an samu wani abin sayarwa a ramin, na ce an samu amsar tambayar daga ina nauyi yake fitowa. Ya ce to, madalla, da muryar da ake amsa gaisuwar mara lafiya.

Ina cikin shirin shiga bayani na biyu sai na lura hasken da ke kan tabarma ya ragu. Fitila ɗaya ta mutu, ta biyu ta bi ta, sauran biyun kuma suka tafi tare kamar waɗanda aka aiko wa kira daga gida. Baba ya ɗauki wayar ya nesanta ta da idonsa ya karanta da ƙarfi: kashi 17. Minti 12 ke nan da jonawa.

Maimakon in yi shiru, sai na sake neman mafaka a karatu. Na ce igiyar cajin ce ba ta zauna daidai ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne, domin a watan Satumba na 2011 masana a wani ɗakin bincike da ke ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya sun sanar cewa ƙwayoyin nutirino da aka harbo musu daga CERN, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isowa, lamarin da zai rushe ka'idar Einstein ta cewa babu abin da ya fi haske gudu, duniya ta ɗauka, sai bayan watanni aka gano wata igiya ce ba a ɗaure ta da kyau ba. Ina wannan bayani ina cire igiya ina mayarwa, ina hura ramin cajin da baki, hanyar gyaran da babu ita a kowane littafi da na karanta. Liman ya kurɓi shayi ya ce: "Ashe malaman naku ma haka suke fama."

Duk wannan lokaci ƙanena yana tsaye jikin bango bai ce uffan ba. Da ya ga na fara gumi sai ya matso ya durƙusa ya ce: "Baba, a ba ni izini in duba." Ya zaro ƙaramin sukudireban nan da ake yi wa gori daga aljihu, ya riƙe tocila da haƙora, kafin a zuba shayi na biyu ya ɓalle murfin. A ciki akwai batir guda ɗaya tilo, ɗan siriri kamar yatsa, an jona shi da wayoyi biyu. Sauran wurin duka ƙananan ledoji ne guda biyar, an ɗaure su tsaf, an jera su da kulawar da ta nuna cewa mai aikin yana girmama sana'arsa. Ya huda ɗaya da bakin sukudireba, yashi ya zubo a kan tabarmar Baba, mai laushi, irin wanda magina suke so na filasta.

Majalisa ta yi tsit na ɗan lokaci. Alhaji mai hatsi ya ɗebi yashin ya murza a yatsunsa, ya ce a farashin nan tifa guda za ta sayi unguwar nan har da masallaci. Baba bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce: "Ka ce Turawa sun shekara 48 da rami na kilomita 27 suna neman daga ina nauyi yake fitowa. Ga ƙanenka ya gano a minti biyu." A nan ne Liman ya ƙware da shayi, sai da aka bubbuga masa baya.

Washegari na koma kasuwa da ledojin yashina, mai shagon ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce shi ma a rufe aka kawo masa, kuma ai ni na zaɓa da ilimina bai tilasta mini ba, maganar da na rasa ta inda zan ƙaryata. Ƙanena ya kawo wa Baba wani ƙarami mara nauyi da aka rubuta 10,000 a jikinsa, wanda har yau yake cika wayar ya bar saura, tun daga ranar kuma aka daina cewa wasan yara a gidanmu, aka koma kiransa Injiniya.

Nawa ba a jefar da shi ba, domin Umma ta ce abu mai nauyi ba ya rasa amfani, ta sa aka mayar da yashin aka rufe, tana danne murfin tukunya da shi. Ranar da zan koma makaranta na shiga ɗaki na tarar da shi a kan teburina, an danne wasu kuɗi da shi don kada iska ta ɗauke, tare da 'yar takarda da rubutun Baba, yana sanar da ni cewa ya ji an fara rajistar JAMB, kuma har yanzu shekaruna ba su wuce ba.