Kwas biyar ne kacal: me ya kamata ya zama wajibi a ƙaramin fannin ilimin jima'i?

Na san akwai waɗanda da ganin kan rubutun nan za su ce bawan Allahn nan ya daɗe a Amurka har kunya ta fita daga idonsa. Ku yi mini uzuri, 'yan uwa, ku karanta tukuna. Magana ce ta manhaja: wane darasi za a tilasta wa ɗalibi, wanne za a bar masa zaɓi. A kanta muke ta ja-in-ja a kwamitin tsangayarmu, a wata jami'ar gwamnati da ba sai na ambaci sunanta ba.

Tsarin nan ya bambanta da wanda muka saba a gida. Digirin farko a yawancin jami'o'in Amurka yunit 120 ne. Ɗalibi yana da babban fanninsa, a ce aikin jinya ko nazarin halayyar ɗan Adam, sannan yana iya ɗaukar ƙaramin fanni a gefe wanda za a rubuta masa a takardar sakamako. Ƙaramin fannin yakan kasance yunit 15 zuwa 18, kwas ɗaya kuma yawanci yunit 3 ne. Ka ga kwas biyar ke nan, ko shida in an yi yawa. Jami'o'i da dama suna da irin wannan ƙaramin fanni a kan jima'i da rayuwar ɗan Adam, kuma masu ɗaukarsa galibi waɗanda za su zama nas-nas ne, da ma'aikatan jin daɗin jama'a, da malaman makaranta, da masu ba ma'aurata shawara.

Ga yadda namu yake a littafin kwasa-kwasai. Kwas ɗaya ne wajibi, na gabatarwa, wanda ake cika babban zaure da ɗalibai ana ratsa komai sama-sama. Daga nan sai a ce ka zaɓi huɗu daga cikin wani dogon jeri da ya cinye shafi guda. A jerin akwai na adabi, akwai na fim, akwai na tarihin gwagwarmayar mata, akwai na falsafar jinsi. Akwai ma waɗanda malamin da ke koyar da su ya yi ritaya tuni, sunan kwas ɗin ne kawai ya rage, ɗalibi ya yi ta jira zango bayan zango ba a buɗe shi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da wannan tsari yarinya za ta iya gama fannin da sakamako mai kyau, a buga mata shi a takarda, alhali ba ta taɓa zama ajin da aka yi mata bayanin yadda ciwon tunjere ke ratsawa daga uwa zuwa ɗan da ke ciki ba. Gobe ita ce za ta zauna a gaban mai juna biyu a ƙaramin asibitin unguwa.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. In kwas biyar kawai kake da shi, uku su zama wajibi, kuma a zaɓe su da tambaya ɗaya: mutumin da wannan ɗalibi zai yi wa aiki, me yake bukata ya sani?

Na farko jiki ne da cututtukansa. Wasu abokan aikina suna ganin wannan tsohon yayi ne, wai ai ɗalibai sun yi bayoloji a sakandare. To su duba alƙaluman hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka: a 2022 an haifi jarirai sama da 3,700 da tunjere a Amurka, kusan ninki goma na abin da aka gani a 2012. Cutar da allurar fenisilin ke warkarwa, maganin da aka sani tun shekarun 1940. Ba magani aka rasa ba. Gwaji ne ba a yi wa uwar a kan lokaci ba, ko an yi ba a bi ta da magani ba. Haka zancen ƙwayar HPV, wadda ke haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa: an amince da rigakafinta a Amurka tun 2006, Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba 2023, kuma a ƙasashen biyu abin da ke hana iyaye kawo 'ya'yansu sau da yawa jita-jita ce da ba a samu mai kwance ta da ilimi ba. Maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha kafin kamuwa an amince da shi a 2012. Wanda ya ce ya karanci wannan fanni bai iya bayanin waɗannan cikin harshen da mai sayar da kayan miya za ta gane ba, ni ban san me ya karanta ba.

Na biyu shi ne wanda na fi dagewa a kai, kuma shi ne ɗalibai suka fi gudu: yadda ake bincike da yadda ake karanta ƙididdiga. Tarihin fannin kansa ya isa hujja. Alfred Kinsey, wanda ake ɗauka uban wannan karatu a Amurka, masanin ƙwari ne a Jami'ar Indiana, ya shafe shekaru yana tara wasu ƙananan ƙwari dangin zanzaro yana auna su. A 1938 aka ba shi jagorancin wani kwas kan zaman aure, daga nan ya fara yi wa mutane tambayoyi kan rayuwarsu ta sirri. Ya kafa cibiyarsa a 1947, ya fitar da rahoto kan maza a 1948 daga hira da mutum kusan 5,300, sannan na mata a 1953 daga kusan 6,000. Ƙasa ta ɗauka, jaridu suka yi ta buga alƙalumansa kamar saukakku. Amma su wa ya tambaya? Waɗanda suka kawo kansu, da ɗaliban jami'a, da fursunoni masu yawa a ɓangaren maza, kuma kusan duk farar fata ne aka lissafa. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta sa manyan mutanenta uku, Cochran da Mosteller da Tukey, suka duba aikin, suka fitar da rahoto a 1954. Sun yaba ƙoƙarin, amma suka ce ba za a ɗauki waɗannan mutane a matsayin madubin ƙasa baki ɗaya ba. Dalilin a fili yake. Mutumin da zai taso da ƙafarsa ya zo ya zazzage wa baƙo sirrin ɗakinsa a shekarun 1940 ba irin kowa ba ne.

Sai a 1992 masana a Jami'ar Shikago suka yi binciken da aka zaɓo mutanen ta hanyar canki-canka, ba masu kawo kansu ba, mutum 3,432, aka buga sakamakon a 1994. Hoton da ya fito ya fi na Kinsey natsuwa nesa ba kusa ba: yawancin ma'aurata suna tare da abokan zamansu kawai. Wani abin lura, Majalisar Dattawan Amurka ta toshe kuɗin gwamnati ga wannan bincike a 1991 bisa jagorancin Sanata Jesse Helms, sai gidauniyoyi masu zaman kansu ne suka biya. Wato 'yan mazan jiya sun yaƙi binciken da daga baya ya nuna jama'arsu sun fi kamun kai fiye da yadda ake zato. Har yau ina ganin alƙaluman 1948 suna yawo a intanet, masu goyon baya da masu adawa kowa na jan su zuwa inda yake so. Ɗalibin da bai iya tambayar “wa aka tambaya, kuma ta yaya aka same shi” ba, duk wanda ya fi ɗaga murya shi zai tafi da shi.

A cikin wannan kwas ɗin ne kuma ya kamata a koyar da abin da ya faru a Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata 399 masu tunjere ba tare da an yi musu magani ba, har bayan fenisilin ya wadata. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara. Mu mutanen Kano ba sai an yi mana dogon bayani kan gwaji a jikin talaka ba, mun ga na maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996.

Na uku doka ce da amana: mene ne yarda kafin jima'i a idon shari'a, shekarun da doka ta gindaya, da wajibcin kai rahoto in ka ga alamar an ci zarafin yaro. Kalifoniya ta yi doka a 2014 da ta wajabta wa jami'o'inta ɗaukar yarda bayyananniya a matsayin ma'auni. Larry Nassar, likitan 'yan wasa a Jami'ar Jihar Michigan, ya yi shekaru yana lalata da 'yan mata da sunan magani kafin a ɗaure shi, jami'ar ta biya diyyar dala miliyan 500 a 2018. Wasu yaran sun yi magana tun da wuri. Manyan da suka ji ne ba su ɗauki matakin da ya kamata ba.

Abokan aikina na ɓangaren adabi da nazarin jinsi ba su ji daɗin wannan tsari ba, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Wata farfesa ta ce mini a taron, ta tura takardar gefe, wai ina so in mayar da fannin reshen asibiti, alhali ba a raba jiki da iko da talauci da launin fata. Na ce mata Tuskegee ɗin da na sa a wajibi ai maganarta ce. Abin da na ƙi shi ne a ce nazarin fim da sanin alamomin cuta nauyinsu ɗaya a ma'auni. Akwai kuma abin da ba a faɗa a fili a irin wannan zama: kwas ɗin da aka mayar wajibi kujerunsa sun cika, sashen da ke da shi ya samu hujjar neman sabon malami. Rabin gardamar da ake yi da sunan ilimi, ta kasafin kuɗi ce.

Cikin biyun da suka rage na zaɓi, na roƙi a tabbata akwai kwas kan addinai da al'adu, wanda za a karanta abin da mabiya suka rubuta da kansu, ba abin da aka rubuta a kansu kawai ba. Nas ɗin da za ta yi aiki a Minneapolis za ta haɗu da matan Somaliya, ta Dearborn za ta haɗu da Larabawa, ko'ina kuma akwai Katolika da Yahudawa masu riƙo. In ba ta san me ake nufi da idda ko wankan janaba ko dalilin da mace za ta nemi likita mace ba, za ta ɗauki tsoron Allah a matsayin jahilci. Akwai abubuwa a wasu kwasa-kwasan nan da ni a matsayina na Musulmi ban yarda da su ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Amma ɗalibina ya san abin da mutane ke yi daban, ya yarda da shi daban.

Mai cewa wannan karatu rashin kunya ne daga tushe, ina tuna masa da zauren malam. Wanda ya yi Ahalari da Ishmawi da Risala ya san a babin tsarki ake bambance masa maniyyi da maziyyi da wadiyyi, a ƙirga masa kwanakin haila da na biƙi, tun bai yi gemu ba. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Malamanmu sun san abin da za su sa a wajibi, sun fara da abin da mutum zai bukata gobe da asuba.

Abin da ya sa nake ganin gyaran na gaggawa ne shi ne, in malamai ba su yi ba, 'yan siyasa za su yi musu, su kuma ba sa gyara, yankewa suke. A 2023 majalisar jihar Indiana ta haramta kashe kuɗin jiha a kan Cibiyar Kinsey. A watan Nuwamba 2024 hukumar gudanarwar Jami'ar Texas A&M ta ba da umarnin soke ƙananan fannoni da satifiket 52 bisa hujjar ƙarancin ɗalibai, ciki har da na nazarin masu neman jinsinsu da aka buɗe a 2022, malaman jami'ar kuma suka koka cewa an tsallake su. Mun ga irinsa a gida. Manhajar ilimin jima'i da hukumar tsara manhaja ta Najeriya, NERDC, ta tsara sai da aka sauya mata suna zuwa ilimin zaman iyali da ƙanjamau saboda ƙorafin malaman addini da iyaye, sannan a Nuwamba 2022 ministan ilimi na lokacin Malam Adamu Adamu ya ba da umarnin cire ilimin jima'i daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Fannin da zai iya nuna wa ɗan majalisa cewa ɗalibansa su ne ke gano tunjere a jikin mai ciki, su ne ke kai rahoton mai lalata da yara, ya fi wuyar sokewa a kan wanda ba zai iya faɗin abin da ɗalibansa suka iya ba.

Inda muka tsaya yanzu: an amince a share matattun kwasa-kwasan daga jerin, an amince waɗanda suka riga suka fara su ƙarasa da tsohon tsari. Kwas ɗin jiki da na doka sun samu shiga. Na bincike ne ya maƙale, saboda yana bukatar ɗalibi ya fara cin kwas ɗin ƙididdiga, kuma ana tsoron wannan sharaɗi zai kori rabin masu rajista, ƙarancin rajista kuwa shi ne hujjar da aka yi amfani da ita a Texas. Na kawo shawarar a tsara shi ba tare da wannan sharaɗi ba, a koyar da ƙididdigar da ake bukata a cikinsa, a fara da rahoton 1948 da na 1994 a ajiye su gefe da gefe. Sashen ƙididdiga sun ce za su duba ko suna da malamin da za su ba da aro. Daga nan takardar za ta wuce majalisar malaman jami'a.