Wane kundin teku ya dace da mai bin gaɓa?

Wasu sababbin matuƙa suna zaton duk kundin teku, wato littafin bayanan tuƙin jirgin ruwa da ake bugawa kowace shekara, iri ɗaya ne. Sai su sayi na taurari, wanda ke ba da matsayin rana da wata da taurari 57 don gane inda jirgi yake a tsakiyar teku. Mai bin gaɓa kuwa ƙasa yake gani, damuwarsa zurfin ruwa ce. Kundinsa shi ne mai lokutan cikar ruwa da janyewarsa, da ƙarfin igiyar ruwa, da fitilun gaɓa, da mashigar tashoshi, na yankin da zai bi.

Kuma na bara ba ya aiki bana, ko da bai yage ba. Domin cikar ruwa tafiyar wata take bi, kullum tana jinkirta kimanin minti 50.